Dakaren Ƙofa ta Tara

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Kadawa a shekarun baya ya san Malam Dalhatu mai ƙofa. In bai san sunansa ba ma, ya san kekensa: baƙin keke mai kwando a gaba, da dogon ƙarfen murɗa ƙofar ruwa ɗaure a baya, yana ƙwaram-ƙwaram duk inda ya bi bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan aiki. Da safe ya murɗa ƙarfe ruwa ya gangara ƙaramin kanal, ya duba ma'aunin da ke jikin siminti ya rubuta a littafi, in lokacin waɗannan gonaki ya cika ya rufe, ya buɗe wa na gaba. Aikin ba ya son ƙarfi sosai. Abin da yake so shi ne mutum ya iya cewa a'a, ko da surukinsa ne ya zo roƙon ƙarin rabin awa. Dalhatu kuwa wajen cewa a'a Allah ya hore masa. Matarsa Asta ta sha faɗa a gabansa cewa ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, shi kuma sai ya gyara zama kamar an yabe shi.

Abu na biyu da aka san shi da shi ita ce darar Turawa, wadda malamai ke kira shaɗaranji. Yadda ya same ta kuwa, tun yana saurayi ne, lokacin da ake ƙara haƙa kanal. An ɗauke shi lebura shi da wani yaro sa'ansa mai suna Gidaɗo, Bafulatanin gida daga wani ƙauye a bayan Bunkure. Aikinsu riƙe wa wani baƙon injiniya sandar awo. Mutumin nan in rana ta take sai ya zauna a inuwa ya buɗe wani allo mai gidaje baƙi da fari, ya jera 'yan gumaka yana wasa shi kaɗai, yana yi wa kansa tsaki. Suka yi ta leƙe har ya gaji ya ce su zauna. Ya koya musu tafiyar kowane ɗa, su kuma suka raɗa musu sunayen da bakinsu zai iya: sarki, waziri, giwa, doki, soro, sai ƙananan nan takwas na sahun gaba da suka kira dakaru. Ya kuma koya musu yadda ake rubuta wasa, don kowane gida yana da harafinsa da lambarsa. Da kwangilarsa ta ƙare ya bar musu allon ya tafi ƙasarsu. Ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba har yau.

Allah da ikonsa, su biyun duk aka ɗauke su masu ƙofa. Dalhatu ya riƙe ƙofofin sama, Gidaɗo ya riƙe na ƙasa, masu kai ruwa gonakin ƙarshen kanal. Iyakarsu ita ce ƙofa ta tara, inda wata tsohuwar darbejiya ta yi inuwa har kan ruwa. Al'adar aikin kuwa, in ka buɗe ƙofa ba ka tafiya sai lokacinta ya cika, don kana ba da baya wani zai cusa katako ko buhun ƙasa ya karkatar da ruwa gonarsa. Zaman awa biyu ne, wani lokaci uku. To a nan suke baza allo. Ba caca, ba komai. Wanda aka ci shi zai ɗaure allon a kekensa ya kawo gobe. Gidaɗo siriri ne marar yawan magana, yana wasa kamar mai jin barci. Dalhatu kuwa kowane taku sai ya yi masa kirari. Kuma duk wasan da suka yi sai ya rubuta shi a bayan tsofaffin littattafai, da kwanan wata, da wanda ya ci. Sun fi shekara ashirin a haka.

Sai bazarar shekarar dubu biyu da huɗu. Ruwa ya yi ƙaranci a ƙarshen kanal. Tumatirin mutane yana zubar da fure, albasa ta kwanta, ƙasa a fangalin gonaki ta tsattsage. Manoman ƙasa suka riƙa zuwa ƙofa ta tara suna tsayawa a kan masu ƙofa, fuska a murtuke, suna kallon ma'auni. Ranar wata Talata mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin darbejiyar nan, su Dalhatu kuma suna tsakiyar wasa.

Dalhatu ke da farare. Ya ɗauki wani dakarensa da bai taɓa motsawa ba ya tsallaka da shi gida biyu, ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da baƙin dakaren Gidaɗo. Ya san dakare ba ya cin na gefensa, sai na gabansa a karkace, don haka ya harɗe hannu yana murmushi. Gidaɗo ya duba allon. Sai ya tura baƙin dakarensa a karkace zuwa gidan da ba kowa, gidan da farin ya tsallake, sannan ya miƙa hannu ya ɗauke farin dakaren ya ajiye a ƙasa.

"Kai, me ke nan?" in ji Dalhatu.

"Ci ne," in ji Gidaɗo. "In dakare ya yi tsalle biyu ya wuce ta bakin nawa, ina da ikon cinsa nan take. Injiniya ya nuna min."

"Yaushe?"

"Ranar da ka tafi sunan ɗan yayanka."

To fa. A darar gida, wadda ake haƙa wa ramuka a ƙasa, in ka jera uku kana ɗauke ɗan abokin wasanka duk inda yake, ba sai ka taka gidansa ba. Abin da Dalhatu ya gani ke nan: Gidaɗo ya ji wuya ya shigo da cin darar gida cikin ta Turawa. Ga kuma abin da ya fi yi masa ciwo, wai akwai abin da injiniya ya koya wa Gidaɗo shi bai koya masa ba. Shi, mai rubuta wasa! Ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda har na bakin ruwa sai da suka juyo.

"Ashe haka kake? Ka ɗauke abin da ba ka taka ba, ina zaune ina kallonka? To ni da nake gabanka ka yi min haka, ina ga ruwan mutane in ba kowa a wurin?"

Wallahi da a shekarar wadata ya faɗi wannan magana, da dariya za a yi a watse. Amma ya faɗe ta ne a gaban mutanen da gonakinsu ke ƙonewa, masu neman wanda za su ɗora wa laifi. Gidaɗo ya dubi allon, ya dubi Dalhatu. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya tsaya har lokacin ƙofarsa ya cika ya rufe, ya hau keke ya tafi. Kafin Juma'a magana ta zaga kasuwar Bunkure cewa mai ƙofar ƙasa yana karkatar da ruwa, kuma ba wani ya faɗa ba, amininsa ne da bakinsa. Gidaɗo bai yi musu da kowa ba. Ƙarshen wata ya kai ƙarfensa ofis ya ajiye, ya koma ƙauyensu yana noman albasa.

Bayan wata biyu aka kawo motar yasa. Aka tarar ciyawar kacala da laka ne suka cushe kanal a can ƙasa da ƙofa ta tara. Ana share su ruwa ya isa ƙarshe. Dalhatu ya gani da idonsa, ya kuma san abin da hakan ke nufi. Mutum mai sauƙin kai da ranar zai hau keke sai Bunkure. Shi kuwa sai ya samo abin riƙewa. Duk sanda Asta ta tayar da maganar, amsarsa ɗaya ce: "Ruwa dai ban gan shi ya ɗauka ba. Amma dakaren nan, sace shi ya yi." A kan ɗan guntun katakon nan ya jingina har shekara goma sha tara. Ya yi ritaya, gemu ya yi fari, ya koya wa manoma biyu-uku wasan yana cinye su ba daɗi. Allon yana hannunsa, da farin dakaren da ya tsinta a ƙasa ranar.

'Yarsa Khaulat, wadda ke koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Kura, ita ta kawo masa abin da ya kwance masa wannan ƙulli, ba tare da ta sani ba. Ta ga zaman gida yana cinsa, sai ta ba shi tsohuwar wayarta mai shafawa, ta sa masa wata manhaja ta darar Turawa a ciki.

"Baba, ga abokin wasa na kawo maka. Ba ya gajiya, ba ya fushi."

"Ba na wasa da abin da ba shi da fuska," in ji Dalhatu. "In na ci shi, wa zan yi wa dariya?"

Ta ce to ba sai ya yi wasa da shi ba. Ta nuna masa wani ɓangare, inda mutum zai jera wasan da ya riga ya yi, taku bayan taku, injin da ke ciki ya riƙa gaya masa inda ya yi daidai da inda ya yi shirme. A gefen allon akwai wani siririn ma'auni, rabi fari rabi baƙi. In farare suka samu galaba sai farin ya hau, in suka yi kuskure ya sauka. Dalhatu ya ƙura masa ido. Shekara talatin da huɗu yana karanta ma'aunin ruwa a jikin siminti, wannan bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya ce, "Miƙo min tabarau."

Daga ranar gidan ya samu sabon baƙo. Dalhatu ya raɗa wa injin suna Injiniya. Ya sa aka sauko masa da buhun tsofaffin littattafansa daga saman rumbu, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, littafi a cinya, waya a hannu, yana jan 'ya'yan dara da ɗan yatsa mai kaushi.

Tabɗi! Injiniya bai san girman gemu ba. Akwai wani wasa na shekarar da aka haifi Khaulat, wanda Dalhatu ya ba da labarinsa a majalisa ya fi sau ɗari, yadda ya sadaukar da waziri ya kashe sarki. Da ya jera shi, yana ajiye wazirin nan sai ma'auni ya yi ƙasa warwas. Injiniya ya nuna cewa da Gidaɗo ya ja soro gida ɗaya kawai, da Dalhatu ne zai ɗaure allo a keke ranar.

"Ƙarya kake!" in ji Dalhatu.

Asta ta leƙo daga madafa. "Malam, da wa kake?"

"Da wannan marar kunyar."

Ya jera a kan allon katako, ya gwada ta nan, ya gwada ta can, har aka kira magariba. Ashe Injiniya ke da gaskiya. Abin mamaki, maimakon ya jefar da wayar, sai ya tarar abin yana yi masa daɗi. Ga wanda zai ce masa ka yi kuskure, ba dariya, ba gori, ba ya kai labari kasuwa, kuma in ka tambaye shi sau goma amsa ɗaya zai ba ka. A hankali ya daina musu. Ya sayi jan biro yana sa alama a gefen kowane kuskurensa. Wani abin da ya lura da shi kuma, wanda bai gaya wa kowa ba, shi ne 'yan takun nan na Gidaɗo masu kama da na mai jin barci, waɗanda yake yi wa dariya a da, su ne sau da yawa Injiniya ke cewa babu wanda ya fi su. Yana jan baƙaƙen 'ya'yan a waya sai ya riƙa ganin siraran yatsun mutumin. Kewa ta riƙa kama shi, yana kore ta da tsaki.

Wata rana ya karanta lamba ba daidai ba, ya ja giwa zuwa gidan da ba ta da ikon zuwa. Giwar ta yi tsalle ta koma inda take. Ya sake ja, ta sake komawa. Ya tambayi Khaulat, ta ce ai injin ba ya karɓar takun da ya saɓa doka, ko wane ne ya yi shi.

Idon Dalhatu ya yi haske. Ya tashi da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya zazzage buhun ya ciro littafin dubu biyu da huɗu, ya buɗe shafin ƙarshe, wanda aka rubuta rabi aka bari. Kuma don Allah dubi ƙarfin hali: bai gwada shi kaɗai ba. Sai da ya kira Asta ta bar tankaɗen garinta, ya sa Khaulat ta zauna a gefensa.

"Shekara goma sha tara kuna cewa na zalunci mutum," ya ce. "Yau ga alƙalin da bai san ni ba, bai san shi ba. Ku zuba ido. Zan ja dakaren nan yadda ya ja shi, ku ga yadda zai dawo da gudu."

Ya jera wasan tun daga farko, taku ashirin da biyu. Ya tsallaka da farin dakare gida biyu. Sannan ya ɗora yatsa a kan baƙin, ya ja shi a karkace zuwa gidan da ba kowa, ya saki.

Wayar ta yi 'yar ƙara, ƙwas. Baƙin dakaren ya zauna daram. Farin da ke gefensa ya ɓace.

Dalhatu ya koma baya ya sake. Ƙwas. Ya sake na uku.

"Wayar nan ta lalace," ya ce, amma muryar ba tasa ba ce.

Khaulat ta karɓa ta yi 'yan danne-danne, ta karanta masa a hankali, tana fassarawa. Doka ce tsohuwa, ta fi shi shekaru nesa ba kusa ba. Dakaren da ya yi tsalle biyu ya sauka a gefen na abokin gaba, ana iya cinsa kamar gida ɗaya ya taka, amma sai a takun da ke biye nan take. Kusan kalma da kalma abin da Gidaɗo ya faɗa a ƙarƙashin darbejiya.

Can Khaulat ta ce, "Baba, dubi ma'aunin." Ya duba. Ma'aunin ya cika fari fat har sama. Injiniya ya zana kibiya daga farin doki zuwa kusa da baƙin sarki. Cin dakaren nan halal ne, amma kuskure ne babba, don ya buɗe wa farin soro hanya. Da doki ya yi wannan tsalle, saura taku huɗu a kashe sarki. Wato ranar da Dalhatu ya miƙe yana zagin amininsa, wasan a hannunsa yake, bai ko duba allon ba.

Asta ba ta yi gori ba, ko da yake ta cancanci yi. Ta tattara faifanta ta ce, "Malam, yana nan da rai fa. Ba kowa ke samun wannan ba."

Kwana biyu bai taɓa wayar ba. Ba kunyar kuskuren doka ke damunsa ba, wannan ƙaramin abu ne. Abin da ya jingina a kai ne aka zare, ya ga abin da ya yi tsirara: ya ɓata sunan mutumin kirki a gaban jama'a, ya raba shi da aikinsa, a kan gaskiyar da mutumin ya faɗa. Tsoro ya kama shi sosai, kada ɗayansu ya mutu kafin su haɗu. Rana ta uku da hantsi ya sa wankakkiyar riga, ya jefa farin dakaren a aljihu, ya shiga adaidaita sahu zuwa Bunkure, daga can ya hau babur.

Ya tarar da Gidaɗo a rumfar ƙofar gida, albasa shanye a gabansa. Ya ƙara ramewa, idanunsa sun yi fari-fari, sai ya ɗaga kai yana neman inda sallama ta fito. Amma muryar bai manta ta ba.

"Dalhatu ne?"

"Ni ne."

Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo ruwa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, iyali, gajiya, zafi, kamar jiya suka rabu. Da gaisuwa ta ƙare Dalhatu ya ciro dakaren ya sa a tafin hannun Gidaɗo. Ya ba shi labarin waya da Injiniya, bai rage komai ba, har da kiran shaidu da ya yi. Sannan ya ce, "Cinka halal ne. Ni ne jahili, kuma na zalunce ka. Don Allah ka yafe min."

Gidaɗo ya daɗe yana juya dakaren a yatsunsa.

"Tsakanina da Allah na yafe maka tun shekarar," ya ce. "Ba na son in tashi gaban Ubangiji da kai a wuyana. Amma Dalhatu, a rumfar nan ka faɗi waccan maganar?"

"A'a."

"Babban ɗana ya nemi shugabancin ƙungiyar masu ban ruwa bara. Wani ya tashi a taro ya ce a tuna ɗan wane ne. Yaron ko aure bai yi ba lokacin da abin ya faru."

Dalhatu ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo masa a gemu, bai share ba. Ya ce, "Ranar Talata ruwan ƙasa ne. Don Allah ka sa a kawo ka ƙofa ta tara."

Ya bi gida-gida da kansa. Cikin mutum goma sha ɗayan da ke wurin a waccan rana, bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Ya kira huɗun da suka rage, ya kira 'ya'yan waɗanda suka rasu, ya kira shugabannin ƙungiya. Mutane suka zo don jin me tsohon mai ƙofa zai ce, tunda ba a taɓa jin ya kira taro ba. Darbejiyar tana nan, ta ƙara kauri. Sabon mai ƙofa ya murɗa ƙarfe, ruwa ya gangara. Dalhatu ya tsaya daidai inda ya tsaya a da, Gidaɗo na zaune a gefensa, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta a wancan karon.

"Jama'a, a nan na ce mutumin nan ya cuce ni a wasa, na kuma jefa masa zargin ruwanku. Ƙarya na yi. Wasan daidai ya yi shi, ni ne ban san doka ba. Ruwa kuwa kacala ce ta tare shi, kun gani, ni ma na gani, na yi shiru saboda girman kai. Ban taɓa ganin Gidaɗo ya karkatar da ko cikin moɗa ba. Wanda ya ji waccan daga bakina, ga wannan daga bakina. Wanda ya kai waccan kasuwa, don Allah ya kai wannan."

Wani dattijo cikin huɗun ya ce, "Mu ma mun ɗauka mun yaɗa. Malam Gidaɗo, a yafe mana." Aka yi ta miƙa hannu. Aka shafa fatiha. Ɗan Gidaɗo, wanda ya kawo uban a babur, ya juya baya yana kallon ruwa, kafaɗunsa na rawa.

Da mutane suka fara komawa fangalinsu, Gidaɗo ya ce, "Ka zo da allon?"

Ai kuwa ya zo da shi. Ya buɗe littafi zai jera, Gidaɗo ya ce ba sai ya duba ba, ya riƙa faɗa masa gidan kowane ɗa da ka, bai kuskure ko ɗaya ba. Aka ajiye farin dakaren a ƙasa inda yake a da.

"Takunka ne," in ji Gidaɗo.

Dalhatu ya ɗaga hannu, ya mayar. "Ba zan iya ba. Injiniya ya riga ya nuna min abin da zan taka. In na taka shi, wannan karon ni ne na yi cuta."

Gidaɗo ya yi dariya, irin 'yar dariyarsa ta cikin hanci da Dalhatu ya yi shekara goma sha tara bai ji ba. Ya lalubi allon da yatsa har ya taɓa farin doki.

"Wannan ne ko? Ya tsallako nan, soro ya biyo baya."

Dalhatu ya saki baki. "Wa ya gaya maka?"

"Ina ɗauke hannuna daga dakaren na gan shi. Na ce shi ke nan, yau ni zan ɗaure allo. Na zauna gabana na faɗuwa ina jiran doki, sai zagi ya zo." Ya tura masa dokin. "Taka abinka, mutumina. Na gaji da jiransa."

Dalhatu ya taka. Taku huɗu, kamar yadda aka ce. Gidaɗo ya kwantar da sarkinsa da kansa. Dalhatu ya zaro biro ya cike shafin da aka bari rabi, ya sa kwanan wata biyu, na farawa da na gamawa.

Yanzu duk Talata ana kai shi ƙofa ta tara, ana kawo Gidaɗo. Ranar Laraba bayan la'asar sai ya jera wasan a waya, Injiniya ya fito da shirmensu su biyun, ya adana na Gidaɗo don ya yi masa tsiya mako mai zuwa. Taurin kan yana nan, kada wani ya ce ya tafi. Har yanzu ba ya wasa da abin da ba shi da fuska. Amma in aka yi zancen wayar a majalisa sai muryarsa ta sauka. Yakan ce ya gode wa Allah, ya gode wa Khaulat, ya gode wa mutanen da suka ƙera abin nan, waɗanda bai san ko sunan garinsu ba. Yakan ce bakwai sun tafi da ƙaryarsa a kunnensu, wannan ba shi da yadda zai yi da ita sai istigfari. Amma Allah ya sa gaskiya ta fito kafin na takwas ɗin ya zama Gidaɗo, ko shi kansa.

A waccan Talatar ta farko, da aka gama, Gidaɗo ya tattara 'ya'yan dara cikin jaka da lalube, ya rungume allon a ƙirjinsa. Dalhatu ya ce ya bari, ai ba ya gani sosai, shi zai tafi da shi.

"A'a," in ji Gidaɗo. "Ni aka ci. Ni zan kawo shi."